Kuloci Mai Yatsa Uku

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Motar mijina Vern ta ƙi tafiya jiya. Daga kantin magani muke dawowa, a danjar gaban coci, inji na ruri da silindansa takwas amma mota na jan ciki, sai wani ƙauri ya cika mana hanci, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Kuloci ya ƙone. Duane ƙanena ya zo daga garejinsa da motar ja, ya kwashe mu, mu da ita.

Mijina ya ce tsufa ne, faifan ya daɗe yana bauta. Na ce haka ne. Sai da na raka Duane bakin titi ya faɗi tasa.

"Yaya, ba tsufa ba ne fa. Ƙafa ce. Ba ya iya taka shi har ƙasa, ba ya iya ɗage ta gaba ɗaya. Haka ya yi ta gogar faifan har ya cinye."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ni dai na faɗa."

"To ka faɗa. Kama hanya."

Zagayen Agusta saura wata guda da 'yan kai. Bana 'yan ƙungiyar masu tsofaffin motoci sun ba Vern gaban layi, shi zai ja tsofaffin motocin garin nan kaf daga filin makaranta zuwa bakin tafki. Tun da ya sayi koriyar motar nan, kafin ma ya aure ni, bai taɓa fashin zagaye ba, kuma ba a taɓa ba shi gaba ba. Kowa ya san abin da ya sa aka ba shi bana, ciwon nan ne da ke cin ƙafarsa. Shi kuwa abu ɗaya ya rage masa da yake so a duniya, ya ja layin nan da ƙafarsa.

Ya ci abinci sosai.

Alhamis, 10 ga Yuli, da yamma

Duane ya shigo da tsofaffin kuloci biyu ya dire mini a teburin cin abinci, a kan ledar da na goge da safe. Ɗaya mai yatsun ƙarfe uku ne ƙattai, irin wanda ke cikin motar tun fil azal. Ɗayan yatsunsa ƙanana ne, da yawa, sun zagaye kamar maficin kaba.

"Wannan mai yatsu da yawan zai riƙe injinka tsaf," in ji Duane. "Kuma laushi ne da shi. Zagaye fa tafiyar hawainiya ce, ka taka ka saki ka taka ka saki har rana ta yi tsaka."

Vern ya tura shi da ɗan yatsa zuwa bakin tebur. "Na masu zuwa kasuwa ne."

"Ko kuma mu cire giyar hannun dungurungum, in sa maka mai canja kanta. Feda biyu, ka huta."

"Ka sake faɗin haka a gidana, in mayar maka da yayarka yau ɗin nan."

Na ce, "Sai ka ci sifana da daddare."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Daga nan ya jawo waya ya yi odar mai yatsa uku, sabo, wai ma wanda ya fi na da ƙarfin sifirin. Ina jin sa yana cika wa yaron kanti baki, wai motarsa ba ta san ƙafar rago ba.

Na san nauyin fedar nan. Ina amarya na taɓa gwadawa, na dafe sitiyari na danna da iya ƙarfina, ko rabi ba ta je ba. Shi ke nan koyon motata a wurinsa. Mutumin da yanzu sai ya kama ƙafar da hannu ya ɗaga ta kafin ya shiga kwamin wanka, shi ne zai taka wannan.

Juma'a, 11 ga Yuli, da sassafe

Ya kasa sa takalmin hagu. Ya ce igiyar ce ta ƙulle.

Litinin, 14 ga Yuli, da rana tsaka

Na je garejin Duane na ce ya sayo mai laushin, ya sa shi, kada Vern ya sani.

"Yaya, mutumin nan ya fi shekara arba'in yana taka fedar nan. Zai gane."

"In ya gane ni zai kashe, ba kai ba."

"Ni zai fara kashewa, na fi kusa."

Na ce masa ya dube ni. Ya dube ni. Sai ya goge hannu a tsumma ya ce to, amma sai ranar da za mu asibiti a Toledo, don in Vern na gari zai kafa kujera a gefen ramin gyaran mota ya yi ta ba da umarni.

Ban ji kunyar abin da na yi ba. In aka sa mai nauyin, ko daga gareji ba zai fitar da ita ba, zai zauna a ciki yana kokawa da feda a gaban maƙwabta. Gara in yi ƙarya.

Talata, 22 ga Yuli, da yamma

Toledo. Likita ta yi maganar da ta saba, ta ƙara wata sabuwa. Ba zan rubuta ta ba. Ta ce a fara shirin gangarar katako ta keken guragu a bakin ƙofa tun kafin buƙatarta ta zo. Vern yana kallon bango yana kaɗa kai kamar ana karanta masa farashin masara.

Muna dawowa ya kwanta. Duane ya riga ya sa mai laushin a mota, ya lallaɓo da kwalin mai yatsa uku, ko buɗe takardar giris ɗinsa ba a yi ba. Ya ce ba zai ajiye a garejinsa ba, Vern na shiga ya yi ta binciken kantoci. Na rungumi kwalin na sauka da shi ɗakin ƙasa, na tura bayan kwalaben tumatir. Tun Ista Vern bai sauka matakalar nan ba.

Sai da na hawo na gane abin da na yi. Na ɓoye masa abu a inda ƙafarsa ba ta kai wa. Na zauna a kicin na yi kuka, famfo a buɗe don kada ya ji.

Ya ci abinci sosai.

Laraba, 23 ga Yuli, da hantsi

Duane ya kawo motar ya gudu, wai yana da aiki. Matsoraci.

Vern ya jingina sandarsa, ya shiga, ya ɗaga ƙafar da hannu ya ɗora a feda. Ina tsaye a bakin gareji da kofin gahawa. Ya ja numfashi kamar mai shirin ɗaga buhu. Ya taka. Feda ta tafi har ƙasa.

Ya saki, ya sake takawa. Ya sake. Na ce shi ke nan, ya gane, bari in tanadi baki.

"Gail," ya ce a hankali. "Zo ki gani."

Na matso.

"Mai yatsa uku ne fa. Sabo, wanda ya fi na da. Dubi." Ya taka, ya saki. Idonsa ya ciko. "Ta dawo, yarinya. Ƙafar ta dawo. Na ce miki ba su san abin da suke faɗa ba."

Na shirya wa zagi. Na shirya wa gaba ta mako guda. Wannan ne kaɗai ban shirya wa ba. Na ce, "Kai, madalla." Da bakina na faɗa.

Asabar, 26 ga Yuli, da yamma

Sabon kuloci ba a yi masa garaje. Sai an yi ta yawo da shi cikin gari a hankali, mil ɗaruruwa, ana tsayawa ana tashi, har faifai ya zauna daidai. Kullum da safe muke fita. Mu bi ta gaban gidan waya, mu zagaya maƙabarta, mu gangara tafki mu sha askirim tun rana ba ta yi zafi ba, mu biyu da furfurarmu. Yana waƙa. Yana danna wa duk wanda ya sani odar mota, har da karen Duane.

Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin sanyin bara. Ina zaune a gefe ina murmushin dole.

Litinin, 28 ga Yuli, da hantsi

Ya sallami kafintan da zai yi gangarar. Mutumin ya riga ya sauke katako a tsakar gida, Vern ya ce ya kwashe, ba gurgu a gidan nan. Ya rataye sandarsa a ƙusa a gareji, kusa da tsofaffin lambobin mota.

Talata, 29 ga Yuli, da yamma

Ya kira Renee 'yarmu a Denver ya ce kada ta wahalar da kanta da yara ta zo a Agusta, ta bari sai hutun Nuwamba, ba gaggawa. Ba gaggawa. Likita ce ta ce mini in sa ta zo da wuri.

Ba a jima ba ta kira ni a tawa wayar. Na fita bayan gida.

"Mama, da gaske ne? Ya ce yana taka kuloci kamar saurayi."

"Yana takawa."

"To ai alheri ne. Me ya sa muryarki haka?"

"Mura ce. Ke dai ki zo."

"Baba ya ce kada in zo, ke kin ce in zo. Mama, me ake ciki?"

Na ce wake na ƙonewa a wuta. Babu wani wake.

Alhamis, 31 ga Yuli, da rana tsaka

Duane ya tare ni a gaban kanti. "Yaya, ki faɗa masa, ko ni in faɗa. Jiya ya zo yana neman tsani wai zai gyara indararo."

Na ce bayan zagaye. A bar shi ya ja layinsa, washegari in durƙusa in faɗa masa komai.

"In ya kai zagayen bai karya wuya ba."

Na ɗaga jaka zan maka masa, sai na tuna da ƙwai a ciki.

Juma'a, 1 ga Agusta, da sassafe

Yau zan faɗa.

Juma'a, da yamma

Ban faɗa ba. Ya ci abinci sosai.

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan coci

Ya miƙe a gaban jama'a, yana dafe da bencin gaba, ya ce a taya shi godiya, Ubangiji ya mayar masa da ƙafarsa. Aka yi ta tafi. Mata mawaƙan coci suka rungume ni ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin ina so ƙasa ta tsage in shige ba kamar yau.

A hanyar dawowa na lura da abin da ban so in lura ba. A danja, sai ya sa hannu ya danna gwiwarsa kafin feda ta kai ƙasa. Mai laushin ma ya fara yi masa nauyi. Ya ga ina kallo, ya ce tsayuwar coci ce ta gajiyar da shi.

Ya Allah, ka ba shi ranar nan ɗaya. Ban roƙi shekara ba, ban roƙi wata ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, da yamma

Na je sayen madara. Da na dawo ba ya falo, ba ya gareji. Ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe take, fitila a kunne.

Yana zaune a matakalar ƙarshe, ya juya mini baya. Gwiwar hannunsa ta goge, jini ya bushe a rigarsa. Man goge mota ya sauka nema, wanda ya ajiye tun bara. Kwalin yana buɗe a gabansa, kulocin kuma a kan cinyarsa, yana shafa yatsun ukun ɗaya bayan ɗaya.

Na sauka na tsaya a bayansa.

"Na cikin motar," ya ce, bai juyo ba, "yatsunsa nawa?"

"Da yawa."

"To."

"Vern, ni ce. Ba laifin Duane ba ne, ni na sa shi. Na ga ba za ka iya..."

"Na gwada hawa," ya ce. "Tun ɗazu nake gwadawa. Kira ƙanenki ya zo ya ɗauke ni."

Duane ya goya shi ya hawo da shi. Ba wanda ya yi wa wani ba'a.

Juma'a, 8 ga Agusta, da yamma

Bai ci abinci ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Ya aike ni in ciro sandar daga ƙusa. Ya kira kafinta da kansa. Ya kira Renee ya ce ta zo, ta taho da yaran. Da kowa yana magana, ban da ni. In na miƙa masa gahawa sai ya ce ya gode, kamar a gidan baƙi.

Litinin, 11 ga Agusta, da yamma

Na gaji da na gode ɗin nan, na fashe. Na ce ya zage ni mana. Na ce da na bar masa mai yatsa ukunsa da ko ƙofar gareji bai wuce ba, da babu tafki, babu askirim, babu waƙa. Na ce taurin kansa ne ya ja, shi da motarsa da ba ta san ƙafar rago ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba.

Ya bari na gama. Ya ce, "Ba kulocin ne ya dame ni ba, Gail. Na miƙe a coci na ba da shaida."

Zagaye ran Asabar ne, kuma tun Alhamis bai leƙa gareji ba. Abu ɗayan da yake so, ni da na tashi ceto shi ni na kashe shi.

Talata, 12 ga Agusta, da rana tsaka

Na ji inji ya tashi, na ruga taga. Ya daɗe yana ruri a wuri ɗaya. Sau biyu na ji giya ta yi ƙara ta ƙi shiga. Daga nan inji ya mutu. Ban fita ba, shi ma ya daɗe bai shigo ba.

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi

Ƙwanƙwasa ce ta fito da ni. Na same shi a kan ɗan benci a gefen motar, ƙofar direba a buɗe, gwangwanin mai a hannu ɗaya, guduma a ɗayan. Ƙarfen da kujera ke gudu a kai yake duka. Kujerar nan tun da na san ta ba ta taɓa motsi ba, a tsawon ƙafarsa ta yi tsatsa.

"Kin tsaya kallo? Shiga ki ja wancan ƙarfen, ki turo jikinki gaba."

Na shiga. Na ja. Ta yi ƙara, ta ƙi, ya ƙara mata guduma, sai ta zame gaba har gwiwata ta kusa taɓa sitiyari.

"Taka fedar hagu."

Na taka. Ta tafi har ƙasa, ba wuya.

"Na masu zuwa kasuwa ne," ya ce. "Ke kika zaɓa, sai ki ci abinki. Ƙafa taki, giya tawa. Kada ki kuskura ki taɓa mini sandar giya."

"Vern, saura kwana uku. Ban taɓa tuƙa ta ba."

"Da kika iya ƙarya a rana ɗaya, wannan ma za ki iya."

Alhamis, 14 ga Agusta, da yamma

Filin makaranta. Motar ta mutu a hannuna har na daina ƙirgawa. Ta yi tsalle, ta yi tari, na kusa kwashe kwandon shara. Ya ce ina sakin feda kamar na taka maciji. Na ce ya yi mini shiru ko in bar shi a nan ya kwana. Ya ce in saurari inji, zai gaya mini da kansa inda faifai ke kamawa. Can wajen faɗuwar rana na ji shi, wata 'yar rawa a tafin ƙafa.

Ya ci rabin abincinsa.

Juma'a, 15 ga Agusta, da rana tsaka

Renee ta iso. Ta ga gangarar katako a bakin ƙofa, ta dube ni, ta wuce wurin babanta.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Mun ja layin.

Mutane sun cika gefen titi da kujerunsu na naɗewa, hayaƙin gashin nama ko'ina, motoci a bayanmu har inda ido ya ƙare. Da suka ga wanda ke kujerar direba da wanda ke gefe, sai hayaniyar ta ragu. Vern ya fitar da gwiwar hannunsa ta taga kamar yadda ya saba, ɗaya hannun a kan sandar giya.

"Taka." In taka, ya sa giya. "Saki, a hankali, ba korar ki ake ba."

A danjar gaban coci na kashe ta. Layi duka ya tsaya. Ba wanda ya yi oda, ko mutum ɗaya, kuma wannan ya fi mini oda ciwo. Na murɗa makulli, ta ƙi tashi. Duane ya ƙwala ihu daga cikin jama'a wai a ba direba ruwa. Vern ya leƙa ya ce masa makaniken banza, shi ya sa kayan kasuwa a motar mutane. Aka kwashe da dariya, mota ta tashi, muka wuce.

Abin da ba wanda ya gani sai ni: duk sanda ya ce taka, sai gwiwarsa ta hagu ta ɗan motsa, tana neman feda a inda babu. Tun daga filin makaranta take yi. Kafin mu kai tafki ta daina, bakinsa kawai ke faɗa.

Da muka dawo gida na shigar da ita gareji ba tare da na goge komai ba. Na kashe inji. Muka zauna muna jin ƙarfe na hucewa. Na ce masa ya yafe mini abin da ya faru a coci. Ya ce zai duba. Na sunkuya na kama ƙarfen kujera zan mayar masa da ita baya, inda take.

Ya ɗora hannunsa a kan nawa.

"Bar ta a nan, yarinya."